Kurɓin Farko a Sabon Gari

Shekarun baya masu nisa, tun Bature bai tafi ba, tun ana jibge buhunan gyaɗa a tashar jirgin ƙasa ta Gusau har su fi gida tsawo, aka ɗauke ni daga Bungudu aka kai ni riƙo wurin gwaggona. Ban wuce shekara goma sha uku ba. Ku da kuke karantawa, ku yi haƙuri in kun ji harshena da kaifi. Na tsufa, haƙora sun zube, amma wannan magana har yau in na taɓo ta sai ƙirjina ya ɗau zafi.

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma a zamaninmu uwa ba ta kallon ɗan fari. Kunya ce. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama ta yi hira da ni. In tana son in ci abinci sai ta dubi ƙanwata ta ce, "Ce ma waccan tuwo na hucewa," alhali ga ni zaune ina jin ta. Ba ƙiyayya ba ce. Ita ma haka aka yi mata, kuma mata na yabonta a kan haka, suna cewa ga mace mai alkunya. Don haka da gwaggo, yayar mahaifina, ta zo ta ce a ba ta ni, ba wanda ya ga abin mamaki, 'yar fari dama ta dangin uba ce. Na tafi ina washe baki, ƙanwata na birgima a ƙasa tana cewa ita ma sai ta je ta ga jirgi.

Jirgin da nake ta ɗokin gani, ranar da ya fara yin kuka a kusa da ni na watsar da ƙullin kayana na ranta a na kare. Sai da wani lebura ya kamo ni. Irin wayon da na shiga Gusau da shi ke nan.

Gwaggo matar kulle ce, ba ta da 'ya mace, sana'arta suyar gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Matar kulle kuwa ba ta da ƙafa sai ta 'yar talla. Ban yi mako ba na gane ba kewata ce ta dame ta ba, ƙafafuna take so. Kullum da hantsi a ɗora mini faifai, in zaga kasuwa, in zaga tasha, in dawo da yamma da saura. Duk ranar da na dawo da saura ba na ganin haƙoranta.

Wata rana ta dubi faifan ta ja tsaki ta ce, "Ɗiyan mutane na zuwa Sabon Gari su dawo hannu wayam tun kahin la'asar. Ke kina can kina kallon jirgi."

Ku lura da kyau. Ba ta ce mini je ki gidan giya ba. Har ta mutu tana iya rantsuwa da Alƙur'ani ba ta taɓa faɗin haka ba. Hanya kawai ta nuna mini da baki, sauran 'yan talla suka ƙarasa kai ni.

Gida ne mai faɗi da rumfa a tsakiya, manyan tukwanen burukutu jere a gefe, bencuna ko'ina. Lokacin cinikin gyaɗa ba masaka tsinke: leburorin tasha, direbobin lori, masu awo, har da waɗanda in ka gan su ranar Juma'a a sahun gaba ba za ka ce sun san hanyar unguwar ba. Mai shan giya kuwa bakinsa na son abin taunawa mai gishiri. Faifai ba ya daɗewa a wurin.

Mai gidan, wata ƙatuwar mace mai fara'a, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kowace yarinya na iya shigowa da tallanta, amma nan ba a zaman banza. Kina saida gyaɗarki, kina kai mini ƙoƙo."

Ashe akwai wata al'ada a irin waɗannan gidaje. Mashayi ba ya karɓar ƙoƙo daga hannun kowa sai wanda ya miƙo masa ya fara kurɓa a kan idonsa, don tsoron sammu ko dafi. Da mai gidan ce za ta riƙa kurɓar kowane ƙoƙo da kanta, kafin azahar an kwashe ta. Shi ya sa take barin 'yan talla su shiga. Mu ne makurɓanta.

Na ja da baya na ce ni Musulma ce, ba na shan giya. Ta yi dariya har da dafa cinya.

"Wa ya ce ki sha? Kurɓa za ki yi, ki jiƙa leɓe. Zo ki ji wannan, ba ta ma kwana ba, kunu ce."

Ta ɗebo mini daga tukunyar da aka dafa ran nan, wadda ba ta yi tsami ba. Da zaƙi, wallahi, kamar kunun zaƙi. Na ce a raina ashe abin da ake ta kururutawa ke nan. Wadda ake kai wa mutane kuwa ta kwana, ta yi ƙarfi, amma tunda na riga na sa baki a ta farko, sai ta biyun ta zo da sauƙi.

Ban taɓa sayen giya ba. Ban taɓa zama na riƙe ƙoƙo nawa na kaina ba. Kurɓi ne kawai, amma kurɓi daga kowane ƙoƙo, tun hantsi har la'asar, a cikin yarinyar da ba ta karya da komai ba sai ɗan koko. Da farko ɗaci ya riƙa sa ni yamutsa fuska, maza na dariya. Daga baya kai ya riƙa yi mini sakayau, bakina ya buɗe. Ni da ba na iya haɗa ido da babba, sai ga ni ina mayar da ba'a, ina yi wa direbobi kirari, gyaɗa na tafiya kamar ana rabawa kyauta. Har na fara jin kaina, ina ganin duk Gusau ba wadda ta kai ni iya talla. Kafin shekara ta zagayo, ranar da gwaggo ba ta yi suya ba sai in wuni raina a ɓace, jikina ba daɗi, ban kuma san abin da nake nema ba.

Gwaggo kuwa haƙora suka bayyana. Ta saya mini ɗankwali. Kuma kullum in na dawo, tun a bakin zaure take tarye ni, ta karɓi faifai, ta danƙa mini 'ya'yan kanumfari don kar mijinta ya ji warin, ta ce, "Tauna wanga kahin Malam shi shigo." Ban taɓa tambayar dalili ba, ita ma ba ta taɓa tambayar me ya sa idona ke ja ba.

A cikin masu zuwa gidan akwai wani mai awon gyaɗa. Babban mutum ne, ya haifi kamata, farar riga kullum fes, ba ya ɗaga murya. Yakan saye faifaina gaba ɗaya ya raba wa mutane, yana kirana 'yarsa. Wata rana da rana tsaka, ana tsakiyar ciniki, ya ce ni kaɗai zan riƙa kai masa ƙoƙo. In na kurɓa sai ya ce, "Ban gani ba, sake." In sake. Ya ce, "Wannan ai leɓe kika taɓa, so kike ki kashe ni?" Mutane na dariya, ni ma ina dariya. Na tuna rumfar ta fara juyawa. Na tuna mai gidan ta kama hannuna tana cewa in je ɗakin baya in ɗan kwanta.

Da na farka rana ta yi sanyi. Ni kaɗai ce a ɗakin tsakanin tsofaffin tukwane, jikina na ciwo irin wanda ban taɓa ji ba. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba. Na fito, mai gidan ta miƙo mini faifaina wayam ba ta dube ni ba, mazan da ke rumfar kowa ya sunkuyar da kai cikin ƙoƙonsa. Gida cike da manya, da gemu da furfura, aka rasa mutum ɗaya da zai ce a'a, yarinya ce. Na ja ƙafa na koma gida, gwaggo ta karɓi faifai ta ba ni kanumfari.

Ban san ciki gare ni ba. Wa zai gaya mini? Ban daɗe da fara ganin al'ada ba, da ta ɗauke ma murna na yi na huta da wanki. Sai da zafin bazara ya shigo, ƙamshin man gyaɗa ya fara sa ni amai, sannan gwaggo ta tsare ni a ɗaki ta ɗaga mini riga. Ta yi salati. Ta ɗauko muciya ta jibge ni har ta gaji. Da ta huta, tambaya ɗaya ta yi mini. Ba ta ce wa ya yi miki ba. Ba ta ce a ina ba. Cewa ta yi, "Wa yas sani?"

Na ce ba kowa. Washegari ta nemi izinin mijinta ta sa ni a lori muka nufi Bungudu.

Ina durƙushe a tsakar gidanmu gwaggo ta ba mahaifina labari yadda ta ga dama. "Ga ɗiyakka nan na maido maka. Gusau ta buɗe mata ido. Giya taka sha, maza taka bi, ni ina cikin gida ban san komi ba. Na yi iya yina."

Mahaifina manomi ne mai sanyin hali, kuma a wurinsa maganar yayarsa ba ta faɗuwa ƙasa. Ya ce, "Hali zanen dutsi na. Allah shi ba ki haƙuri, Yaya." Ita aka ba haƙuri. Mahaifiyata na bakin murhu ta ba mu baya, tana ta tura kara cikin wuta har tukunya na neman ƙonewa. Na san tana ji. Na jira ta juyo ta ce ke, yaya aka yi? Ko da zagi ne, ko da mari. Ba ta juyo ba, kuma ni ma ban san ta inda 'yar fari ke fara yi wa uwarta magana ba.

Kafin garin ya farga aka yanke shawarar a ɓoye ni. Aka kai ni Tsafe wurin wata ƙanwar kakata, tsohuwa mai zama ita kaɗai a gindin dutse. Ba ta cuce ni ba, Allah ya jiƙanta. Ta ba ni fura, ta ba ni tabarma, in maƙwabta sun tambaya ta ce mijina ya tafi cirani. Amma ita ma ba ta tambaye ni komai ba. Makonnin farko na sha wuya da rashin abin da jikina ya saba, hannuna na rawa, ba barci, ga jiri. Tsohuwa ta ce iska ce, ta yi ta turara ni da hayaƙi.

Naƙuda ta zo ƙarshen damina, gero ya fara fitar da kai. Yarinya ce ni, ƙuguna bai gama buɗewa ba, ɗa kuwa ba ya tambayar shekarun uwa kafin ya girma. Na wuni, na kwana, na sake wuni. Duk lokacin da na buɗe baki zan yi ihu sai tsohuwa ta toshe mini da hannu ta ce, "Kak ki yi kuka, ɗiyan nan. Haihuwah hwari ba a kuka, abin kunya na." Daga inda nake durƙushe ina jin kukan jirgi yana wucewa Gusau, inda akwai likita. Ba nisa. Amma kai ni asibiti na nufin a tambayi sunan miji, a tambayi gari, labari ya isa Bungudu. Aka zaɓi a rufa asiri.

Da abin ya ƙi, aka kira ungozoma. Ta duba ta ce, "Gishiri na yat tare hanya." Haka suke kiran duk abin da ya hana haihuwa fitowa, maganinsa kuwa a wurinsu aska. Ta yanka ni ba ta ganin abin da take yanka. Daga nan ban ƙara sanin inda kaina yake ba sai bayan an gama komai. Namiji ne, an ce, ya daɗe da mutuwa a ciki. Ba a nuna mini shi ba. An binne shi a bayan gida tun kafin in farfaɗo.

Ana cikin yi mini wankan jego na lura tabarmata ba ta bushewa. Fitsari ke zuba ba tare da na ji zuwansa ba, a tsaye, a zaune, a kwance. Tsohuwa ta ce zai tsaya. Bai tsaya ba. Da ta ga ba za ta iya da wankin tsummokara ba, ta aika a zo a ɗauke ni.

A Bungudu aka gyara mini wata bukka a ƙarshen gida kusa da turken awaki. Ba wanda ya ce kar in fito, amma in na fito sai in ga ana kawar da hanci, sai na daina. Mutum ɗaya ce ke shigowa wurina, ƙanwata. Ta kawo tuwo, ta kwashe tsumma ta wanke, ta zauna ta yi ta zuba mini surutu kamar ba ta jin warin. Lokacin ta kai kamar shekarun da aka kai ni Gusau, ko ƙasa da haka kaɗan. Ba ta san komai ba sai cewa yayarta ta yi ciwo.

Aka yi girbi, aka fara fidda gyaɗa, lokacin ciniki ya sake zagayowa. Sai ga gwaggo da turmin atamfa da sabulu da gishiri. Ko leƙo bukkata ba ta yi ba. Da yamma ƙanwata ta shigo da gudu, ido na ƙyalli.

"Yaya, gwaggo za ta tahi da ni! Baba ya amsa. Gobe da sahe za mu hau mota, zan ga jirgi!"

Na ji kamar an zuba mini ruwan zafi. Na kama hannunta na ce kar ta je. Ta fizge tana dariya ta ce baƙin ciki nake yi don ni na je na gani. Ina laifinta? A wurin kowa a gidan nan, abin da ya same ni halina ne ya jawo. An ba gwaggo lalatacciya, yanzu za a ba ta ta kirki a wanke mata rai. Ba wanda ya san da ƙoƙo, ba wanda ya san da kurɓi, don ba wanda ya tambaya. Na rasa wa zan gaya wa. Uba ba ya shigowa inda nake. Uwa ba a yi mata magana.

Da safe matan maƙwabta suka cika tsakar gida, sun zo sallama da baƙuwar birni. Ina jin su ana ta shewa, ana yaba atamfa. Na leƙa ta jikin zana na ga ƙanwata an yi mata kitso, ƙullin kayanta a gabanta, mahaifiyata na ƙara ɗaure bakinsa. Ban san lokacin da na miƙe ba. Ban canza zane ba, ban yafa komai ba, na fito yadda nake na tsaya a tsakiyarsu. Shewa ta mutu. Wasu suka ja gyale suka rufe hanci.

Na ce, "Inna, dube ni."

Ba ta ɗago ba. Hannunta dai ya tsaya a kan ƙullin.

"Inna, yau sai kin dube ni. Ban taɓa sayen giya ba. Kurɓi anka sa ni. Gidan da nika kai tallag gwaggo, ba a barin ɗiya ta shiga sai ta kai ƙoƙo, ba a amsar ƙoƙo sai ta kurɓa. Haka nika yi tun hantsi hal la'asar, kullum. Nan anka bugar da ni, nan wani babba yac cuce ni ban san inda kaina yake ba. Can za a kai wagga."

Gwaggo ta zabura tana tafa hannu. "Ƙarya taka yi! Ni da nika cikin kulle, ina nis san inda taka zuwa?"

Na ce, "Kanumhwarin da kika ba ni bakin zaure kullum, na mi na?"

Ta dubi matan, matan suka dubi ƙasa.

Hayaniyar ta jawo mahaifina, ya tsaya a bakin zaure. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba, kuma ba da yayarsa yake ba. "Ke! Koma ɗaki! Gaban mutane? Ba ki da kunya?"

Na ce, "Kunyag ga ita tak kashe man ɗa Tsahe, Baba."

A lokacin ne mahaifiyata ta ɗago. Ta fara daga ƙafata, inda ƙasa ta riga ta jiƙe, ta bi zanen, ta bi hannuwana da suka zama kamar kara, har ta iso fuskata. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin cikin idonta ba sai ran nan. Ba ta yi kuka ba. Ta sunkuya ta kwance ƙullin da ta ɗaure, ta fara fitar da kayan ƙanwata ɗaya bayan ɗaya.

"Wagga ba ta zuwa," in ji ta.

Mahaifina ya ce, "Na riga na ba Yaya."

"An ba ta guda tawa. Ga yadda tam maido ta."

Matar da ban taɓa jin ta musa masa ko a kan gishirin miya ba. Ya tsaya yana kallonta, ya ga ba wasa a fuskarta, ya juya ya fita. Ƙanwata ta faɗi tana kuka tana cewa na hana ta ganin jirgi, ta yi kwanaki ba ta shigo bukkata ba. Mahaifina kuwa ya yi shekaru ba ya amsa gaisuwata, wai na kunyata yayarsa a gaban mata. Duk ban damu ba. Na koma bukka ina jin yau dai na yi wani abu.

Ashe da sauran kallo. A cikin matan da ke tsaye akwai maƙwabciyarmu ta jikin zana, mai 'ya'ya da yawa, gonarsu ba ta yi kyau ba a shekarar. Ba abin da ya wuce kunnenta. Ta ji ƙoƙo, ta ji kurɓi, ta ga ƙasar da ta jiƙe a ƙarƙashina. Ita ce ta ɗauki kayan gwaggo ta raka ta, suna tafe suna ƙus-ƙus. Can sai na ji wata mata ta katanga tana ce mata, "Ke kuwa, bayan abin da kij ji?" Ta amsa da ƙarfi yadda zan ji, "Ai tawa ɗiya na da hankali."

Na fito bakin gida na tsaya. Lori ya zo ya wuce ta gabana, gwaggo a zaune ta kawar da kai, a gefenta 'yar maƙwabciyarmu da ƙullinta a cinya. Sa'ar ƙanwata ce, tare suke zuwa ɗiban ruwa. Da ta gan ni ta ɗago mini hannu tana dariya. Ban sake ganinta ba. Iyayenta sun tashi daga garin bayan wasu shekaru, duk wanda na tambaya sai ya ce bai sani ba.

Ni dai na rayu. Na yi shekaru da yoyon nan kafin a ji labarin wani asibiti mai nisa da ake ɗinkewa, mahaifiyata ta sayar da awakinta aka kai ni. Na warke, na yi aure daga baya, amma ban sake haihuwa ba. Ƙanwata ta yi aure da lafiyarta, ta cika gida, wadda ke rubuta mini wannan ma jikarta ce. Mai awon gyaɗa an ce ya tsufa cikin mutunci, ana zuwa wurinsa neman shawara.

Mutane na ce mini Hajiya, abin ya wuce, ki yafe. Na yafe wa mahaifiyata tun ran da ta dube ni. Tsohuwar Tsafe ma na yafe mata, iya saninta ke nan. Sauran kuwa mu haɗu a can. Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To ni manya sun hango, sarai suka hango, suka yi shiru don faifai na dawowa wayam. Yaro ba ya farawa da kwalba. Da kurɓi yake farawa, kuma kusan kullum babba ne ke miƙa masa yana dariya. Yarinyar da ƙugunta bai ƙosa ba kuwa, ciki ba abin kunya kaɗai ba ne a gare ta, yana iya tafiya da ranta, ko ya bar ta da abin da za ta gwammace ran ya tafi.

Yau ba ƙoƙo, amma ina wucewa ta tasha ina ganin yara mata da tire a ka suna kutsawa inda maza ke zaune, ina ganin ƙananan ledoji da kwalabe a zube. In na tsayar da uwa na ce kin san inda 'yarki ke saida kayan nan da wuri haka, kin taɓa zaunar da ita kin tambaye ta, sai ta yi murmushi ta ce, "Haba Hajiya, ai tawa tana da hankali." 'Yar maƙwabciyarmu tana da hankali, na san ta, ba ta taɓa yi wa babba rashin kunya ba. Ni ma da hankalina aka sa ni a mota.